Shekarar masu binciken sama: daga Lugbe zuwa Gusau

Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, wadda aka fi sani da NASRDA, ita gwamnatin tarayya ta ɗora wa binciken farar hula kan abin da ke saman kawunan jama'a, tun daga ƙurar da ke shawagi a hunturu har zuwa taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya. An kafa ta a watan Mayun 1999, a makonnin ƙarshe na mulkin Janar Abdulsalami Abubakar. Gwamnatin Obasanjo ta amince da manufar ƙasa kan sararin samaniya a 2001, sannan dokar da ta ba hukumar gindin zama ta fito a 2010. Hedikwatarta tana Lugbe, kan hanyar filin jirgin saman Abuja. Farfesa Robert Boroffice ne shugabanta na farko, kuma a 2024 Dokta Matthew Adepoju ya karɓi ragamar daga hannun Dokta Halilu Ahmad Shaba.

Aikin hukumar bai tattaru a wuri ɗaya ba. Cibiyar fassara hotunan tauraron ɗan'adam tana Jos. Ta auna motsin ƙasa tana Toro a jihar Bauchi, ita aka nema lokacin da ƙasa ta girgiza a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018. Ta binciken iska tana Anyigba a jihar Kogi, ta ilimin taurari tana Nsukka, ta gwajin roka tana Epe kusa da Legas, ta horar da ma'aikata tana Ile-Ife. Daga baya aka ƙara wasu ɗakunan bincike a shiyyoyi, kuma a wannan rabon ne Gusau ta samu ɗakin binciken ƙirar jiragen sama. Rabon ya bi al'adar gwamnatin tarayya ta kowace shiyya ta samu nata, shi ya sa ɗakin binciken jirgi ya sauka a babban birnin da ya daɗe ba shi da filin da jirgin fasinja ke sauka kullum, garin da alhazansa suka saba hawa mota zuwa Sakkwato kafin su ga jirgi. Sai a watan Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da ginin babban filin jirgin Gusau.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan harka ba ce. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka a filin sukuwa na Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira. Shekaru 36 bayan haka hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunanta na farko masu ɗauke da mutum. Tashoshi biyu kacal shirin yake da su a Afirka, Kano da Zanzibar, kuma ta Kano tana cikin waɗanda suka bi John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962. A watan Agustan 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, hirar farko ta wannan hanya tsakanin shugabannin ƙasashe biyu. Tun kafin duk waɗannan, malamai a Sakkwato da Katsina da Zamfara suna riƙe da lissafin taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, jimilla kwana 365. Har yau akwai dattijon da in aka tambaye shi ko ruwan da aka yi ya isa shuka, sai ya fara ƙirga tauraron da ake ciki.

Idanun da ke sama

Tauraron Najeriya na farko, NigeriaSat-1, kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi kan kuɗi dala miliyan 13, aka harba shi daga Plesetsk a Rasha a watan Satumban 2003. Nauyinsa bai wuce na buhun masara ba, wajen kilo 100. Yana kewaya duniya a nisan kilomita kusan 700, kowane zagaye cikin abin da bai kai awa biyu ba. Ɗigo ɗaya a hotonsa yana wakiltar fili mai mita 32 kowace kusurwa, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na hekta. Da irin wannan ido ana rarrabe daji da gona da ruwa da gari, amma ba a ganin gida ɗaya. Hotunansa na cikin na farko da aka samu na birnin New Orleans bayan guguwar Katrina a 2005, kuma ya yi aiki har 2012, fiye da shekaru biyar da aka ɗebar masa.

Ranar 17 ga Agustan 2011 aka harba wasu biyu tare daga Yasny a Rasha. NigeriaSat-2 yana gani har zuwa mita biyu da rabi. A wannan mataki ana iya ƙirga gidajen Kwatarkwashi a gindin dutse, a ga tirela a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, a bi burtali har inda gona ta cinye shi. Fuskar mutum ko lambar mota ba sa fitowa, duk da abin da ake faɗa a majalisar masu shayi. Na biyun, NigeriaSat-X, mai ganin mita 22, injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a masana'antar SSTL a matsayin aikin koyo. Na sadarwa labarinsa daban. NigComSat-1, ƙirar ƙasar Sin, ya tashi daga Xichang a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda fukafukansa masu tara hasken rana sun lalace. An maye gurbinsa da NigComSat-1R ranar 19 ga Disamban 2011. Wannan yana can nisan kilomita 35,786, inda saurinsa ya yi daidai da juyawar duniya, shi ya sa faifan da aka saita masa a kan rufi ba ya bukatar juyi. Wani kamfanin gwamnati na daban, NIGCOMSAT, ke tafiyar da shi.

Galibin hotunan da mai bincike a Jos ko Gusau ke aiki da su a yau ba na waɗannan ba ne. Landsat na Amurka, wanda ke ɗaukar hoto tun 1972, ya zama kyauta a 2008, kuma Sentinel-2 na Turai yana dawowa kan kowace gona duk kwana biyar da ido mai ganin mita 10, shi ma kyauta. Abin da ya rage wa mai binciken shi ne wuta, intanet mai ƙarfi, da kuɗin man da zai kai shi gonar ya tabbatar cewa koren da ya gani a kwamfuta dawa ce ba sabara ba.

Daga hunturu zuwa kaka

Aikin shekara yana bin yanayi ne, kuma ba NASRDA kaɗai ke ɗauke da shi ba. Hasashen yanayi na hukumar NiMet ne, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama kuma take da tashar awo a Gusau. Hasashen ambaliya na hukumar NIHSA ne. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, mai haɗa bayanan ƙasashen yankin.

Shekara tana buɗewa cikin hazo. Mafi yawan ƙurar da ke rufe Gusau daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yanzu sau da yawa. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasa mai laushi irin ta gari. Tauraron Meteosat na Turai, mai aiko hoto duk minti 15, yana ganin tashin ƙurar tun daga tushe, don haka ana samun kwana ɗaya ko biyu na gargaɗi kafin ta iso Kano da Sakkwato ta hana jirgi sauka. Wani kaso nata yana ƙetare Tekun Atilantika ya zama taki a dajin Amazon. Wanda ya tsaya a gida yana busar da hanci da maƙogwaro, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayar sanƙarau shiga jiki. Annobar sanƙarau da ta fara a Zamfara a ƙarshen 2016 ta yi tsanani ne a watannin rani na 2017, kuma saboda wannan alaƙa NiMet take sa gargaɗin sanƙarau cikin hasashenta.

A farkon shekara, cikin Janairu ko Fabrairu, NiMet ke fitar da babban hasashen damina: ranar da ake sa ran saukar ruwan shuka a kowace ƙaramar hukuma, ranar ɗaukewarsa, yawansa, da inda ake tsoron ya tsaya a tsakiya. Ana fassara shi da Hausa. Tushen lissafin shi ne zafin ruwan teku, musamman na Fasifik da na gaɓar Gini, da tarihin awon ruwa na shekaru da dama. Damina a wannan yanki kokawa ce tsakanin iska biyu, busasshiya daga Sahara da mai laima daga Atilantika. Layin da suke haɗuwa yana hawowa arewa a hankali tun daga Maris, kuma sai ya wuce gari da nisa sannan ruwa ke zama. A ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu hakan yakan faɗo tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni, a tashi da milimita 800 zuwa 1,000 kafin Oktoba. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, kuma har yanzu ana auna ta da mazurari da kwalba mai zane, ma'aikaci ya fito kowace safiya ya duba ya rubuta.

Abin da ya fi cin manomi ba ƙarancin jimillar ruwa ba ne, ruwan yaudara ne. A yi mamako ɗaya a Mayu, ƙasa ta jiƙe, kowa ya fita da iri, sannan sama ta yi shiru na mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Mai gero yakan jure, musamman wanda ya yi binne, domin irinsa na rumbu ne. Mai masara da waken suya da ya sayi iri da taki da tsada, shi ke kwana da asara. A nan hasashen yake da amfani na gaske, a nan kuma rauninsa yake. Ranar da aka bayar ƙiyasi ce mai 'yan kwanaki gaba ko baya, kuma ta ƙaramar hukuma ce gaba ɗaya, alhali hadari yana iya zuba a Wanke ya tsallake Magami. Kafin bayanin ya bi ta rediyo da bakin malamin gona ya kai ƙauye, sau da yawa sharaɗin ya zube a hanya, ranar kaɗai ta isa.

Da damina ta kankama, aiki yana komawa na sa'o'i. Kowa a Zamfara ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma hoton tauraro ya nuna dalili: gizagizan suna jeruwa ne a dogon layi, wani lokaci ɗaruruwan kilomita, iskar sama tana tura su yamma. Wanda ya taso a tsaunukan Jos ko ƙasar Damagaram da la'asar yana iya kaiwa Zamfara cikin dare. Wasu daga cikin waɗannan jerin hadari, in suka faɗa teku ta Senegal, su ke rikiɗa su zama guguwar da ke addabar Amurka, abin da ya jawo jiragen bincike na Faransa da Ingila da Jamus zuwa Yamai da Wagadugu a daminar 2006. Tauraro ba ya auna ruwa kai tsaye. Sanyin ƙololuwar gajimare yake aunawa, domin gajimaren da ya fi tsawo ya fi sanyi kuma ya fi zubar da ruwa, sai a daidaita lissafin da abin da kwalaben ƙasa suka nuna. Inda kwalabe suka yi ƙaranci, kamar yawancin karkarar Zamfara, lissafin yana rangaji.

Cikin malka, a Agusta, hankali yana kan Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu ya zuba a madatsar Bakolori, da Gulbin Zamfara da ya bi ta Anka da Gummi. Ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu, makonni kaɗan kafin madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Taswirar inda ruwa ya kwanta ita masu agaji ke bukata a irin wannan rana, kuma a daidai lokacin ne taurari masu kyamara suke makancewa, domin gajimare ya rufe ƙasa.

Da kaka ana komawa lissafin amfanin gona. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani amma na'ura tana gani. Bambancin biyun shi ke nuna ƙarfin shuka, kuma in aka jera hotunan damina guda aka gwada da na shekarun baya, ana gane inda hatsi zai yi ƙaranci tun kafin farashi ya nuna a kasuwar Tsafe ko Dawanau. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana bin jihohi da ƙafa don nata ƙiyasin na shekara, sannan a haɗa duka a taron tantance wadatar abinci na Oktoba ko Nuwamba. A da, yunwa irin Kakalaba ta 1914 sai ta shigo gida ake saninta. Hotunan 'yan shekarun nan suna nuna wani abin da ba ruwan sama ya jawo shi ba: gonaki a ƙasar Ɗansadau da wasu sassan Tsafe da suka koma saura, ciyawa ta rufe kunya, saboda masu su sun gudu ko an hana su nomawa.

Jirgi a ƙasar zafi da ƙura

Ƙirar jirgi, fannin da aka ba Gusau, ta ƙunshi siffar fiffike da yadda iska ke bi ta kansa, ƙarfin kayan da aka yi gangar jiki da su, inji, da na'urorin sarrafawa. Yanayin arewa yana da nasa tambayoyi a kowanne. A Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, iska tana yin sakayau, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, sai jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga ko a rage masa kaya. Ƙurar hunturu tana cin ruwan fankar inji kamar yadda yashi ke cin garma. Batirin ƙaramin jirgi marar matuƙi yana saurin gajiya a rana. Waɗannan matsaloli ne da masana'antar Turai ba ta da dalilin damuwa da su kamar mai zaune a Gusau.

Gogewar arewa a wannan fanni tana Zariya da Kaduna. An kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964. A Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen koyo 60 masu suna Air Beetle don sojan sama, kuma a can aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi biyu na gida, Gulma a Disamban 2013 da Tsaigumi a Fabrairun 2018. Wanda ya raɗa musu suna ya san aikinsu. Duka biyun na rundunar sojan sama ne, ba na NASRDA ba. A ɓangaren farar hula, kamfanin Zipline ya fara kai magani da allurar rigakafi asibitocin karkarar Kaduna da irin waɗannan jirage a 2022.

Ƙaramin jirgi marar matuƙi shi ne abin da ɗakin bincike mai ƙaramin kasafi zai iya ƙerawa ya gwada, kuma shi ya fi dacewa da bukatar jiha irin Zamfara. Yana tashi ƙarƙashin gajimare, yana ganin abin da bai wuce tafin hannu ba, yana iya feshin jan-baki a shinkafar Bakolori ko auna kwazazzabon da ke cin gefen gari. Sai dai tashinsa na bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma sararin Zamfara yana da nasa labarin. A Maris 2021, kwanaki bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a jihar. Jama'a sukan tambaya me ya sa tauraron da ke ganin tirela ba ya nuna maɓoyar 'yan bindiga. Yana nuna sansani da sababbin hanyoyin babura da ramukan haƙar zinariya irin na Anka da Bukkuyum, amma wucewa yake yi cikin daƙiƙoƙi, ya dawo bayan kwanaki. Ba ya gani ta ƙarƙashin inuwar itace, kuma daga sama rugar makiyayi da sansanin ɓarayi kamarsu ɗaya.

Akwai kuma wani binciken da ya shafi jirgi ta hanyar da ba a zato. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma a kewayensa saman iska yakan rikice bayan magariba, musamman wajen Maris da Satumba, har saƙon GPS ya yi rawa ko ya yanke. Ga mai neman adireshi a waya wannan ba komai ba ne, ga jirgin da ke sauka cikin hazo kuwa mita kaɗan suna da nauyi. Cibiyar Anyigba tana bibiyar wannan rikicewa da na'urori a jami'o'i daban-daban, kuma NigComSat-1R yana ɗauke da na'urar aika gyaran GPS, wadda aka gwada saukar jirgi da ita a Lome a Janairun 2021.

Jadawalin shekaru 25 da hukumar ta tsara wa kanta, mai ƙarewa a 2030, ya yi alkawarin ɗan sama-jannati a 2015 da harba tauraro daga ƙasar Najeriya. Na farkon bai samu ba. Abin da aka samu shi ne ƙaramin tauraron ɗalibai, NigeriaEduSat-1, na haɗin gwiwar jami'ar fasaha ta Akure da wata cibiya a Japan a 2017, da sa hannu kan yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a Disamban 2022, inda Najeriya da Ruwanda suka zama na farko a Afirka. NigeriaSat-2 shekaru bakwai aka ɗebar masa, wa'adin da ya cika tun 2018, NigComSat-1R kuma 15. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin taurari huɗu na kallon ƙasa, uku masu kyamara, ɗaya mai rada. Mai radar ba ya jiran hasken rana. Shi ke aika nasa saƙon ƙasa ya saurari dawowarsa, saƙon kuma yana ratsa gajimare, ruwan da ya kwanta ya fito baƙi ƙirin a hoton, ko da tsakar dare ne a tsakiyar Agusta.